Shekarar da Na Bi Ummi Kan Dutse

Sadiƙu, kai na fi nufi da wannan babin, ko da yake na san 'yan'uwanka duk za su karanta. Ranar sunan ɗan 'yar'uwarka Maryam ina zaune a zaure ana ta gaisawa, na ji wani abokinka ya tambaye ka me ya sami ƙafar Abba, ka ce masa yawon buɗe idon Yaya Ummi ne ya jawo. Da dariya ka faɗa, ba ka san na ji ba. Ban ga laifinka ba. Lokacin da abin ya faru kana makaranta a Zariya, kuma da ni da mahaifiyarku babu wanda ya taɓa zaunar da ku ya ba ku labarin yadda yake. Kafin in ɗauki alƙalami sai da na kira Ummi na nemi izininta. Ta ce in rubuta duka, kada in rage komai.

A shekarar muna unguwar Darrasa a Alƙahira, a shaggarmu, wato sashen da muke zaune a can ƙarshen bene, mai matakalar nan mai duhu da ƙamshin tafarnuwar maƙwabta. Karatu ne ya kai ni Alƙahira ina saurayi, zama kuma ya riƙe ni har furfura ta fito. Sana'ata tafintar marasa lafiya ce. Mutum zai taso daga Kano ko Sakkwato ko Damagaram da ciwon da ya gagari likitocin gida, in tare shi a filin jirgi, in sama masa masauki, in yi ta yawo da shi asibitocin unguwar Mohandessin, likita ya faɗa da Larabci in mayar da Hausa. Aikin ƙafa ne tsantsa: hau bene, sauko, bi sakamakon gwaji, nemo magani, tura keken mara lafiya. Akwai kuma ranar da likita zai cire tabarau ya dube ni ya ce babu sauran abin yi, ni ne mai juyawa in dubi mata ko ɗa ko ƙane in faɗa musu. A irin wannan tsayuwar na ƙware da cewa a yi haƙuri. Na iya faɗinta a tausashe, na iya haɗa ta da aya da hadisi, har mutane suna cewa bakin Malam Habibu akwai sanyi.

Ummi sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa ban taɓa kiran ta da sunanta na yanka ba. Kun san yadda take tun tana yarinya. Tun daga ƙasan bene ake jin muryarta tana tsokanar bawwab, mai gadin ƙofarmu, kafin ta iso sama duk gidan ya san abin da ya faru a mikrobas, ƙaramar motar hayar da ta shigo. Ta yi karatun jinya a Giza, ta gama, ta auri Mustafa, wani yaron kirki ɗan Zariya da ya yi karatu a unguwarmu ta Darrasa. Su suka ga juna suka daidaita, mu namu addu'a ce kawai. Ya tafi da ita gida. Ba su cika shekara ba motar da ya shiga ta yi haɗari a hanyar Kano, ko asibiti ba a kai da shi ba. A cikin makon rasuwar ƙaramin cikin da take ɗauke da shi ya zube. Da ta gama takaba na je na ɗauko ta.

Wadda na dawo da ita wata ce daban. Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne ba ta kuka. Matan Hausawan Alƙahira suka yi ta hawa benen nan suna haki, matan ɗalibai, matan ma'aikatan ofishin jakadanci, kowacce ta zauna ta ce a yi haƙuri, Allah ya jiƙansa. Ummi ta ce na gode. In sun fito sai su yi ta yabon ta, wai yarinya mai tawakkali, ko ɗigon hawaye babu. Ni ma na zaunar da ita ba sau ɗaya ba, na karanta mata duk abin da na sani game da ladan mai haƙuri. Ta saurara da ladabi, ta ce to Abba, ta koma bakin tagar ɗakinta, tagar da ba ta kallon komai sai bangon gidan maƙwabta. Abinci sai an matsa. Watanni suka shuɗe a haka. Wata rana da hantsi mahaifiyarku ta hau saman bene kwaso shanya, ta tarar da ita tsaye a can bakin katanga tana kallon titi. Ba ta ba ni labarin ba sai daga baya. Abin da na gani kawai shi ne ta sayo kwaɗo ta rufe ƙofar saman, ta ɗaure mukullin a bakin zanenta. Na gani, ban tambaya ba. Ina tsoron amsar.

Mutum ɗaya ce ba ta gaji da zuwa ba, wata ƙawarta Bamisriya mai suna Shaima, wadda suka yi karatun jinya tare. Ita ba ta iya ta'aziyya ba. Zuwa take ta baje a kan gado ta yi ta surutu, tana nuna mata hotuna a waya. Ashe tana cikin wasu matasa masu zuwa Sina'i hawan duwatsu in sun sami hutu. Wata safiya muna karyawa, Ummi ta fito ba a kira ta ba, ta zauna a gefen tabarma.

"Abba, ina son in je Sina'i. Akwai wani dutse a bakin teku da su Shaima za su hau."

Mahaifiyarku ta ajiye butar shayi.

"Dutse? Wane irin dutse kuma? Ke da ko kasuwa ba kya zuwa?"

"Ina son in hau ne kawai, Umma."

Ummi ta tashi ta koma ɗaki. Hajiya ta jira sai da ta ji an tura ƙofa.

"Malam, kada ka ce mini za ka bar ta."

"Hajiya, tun da yarinyar nan ta dawo, me ta taɓa roƙon mu? Ko gishiri ba ta ce a miƙo mata ba."

"Bazawara, 'yar malam, ta bi samarin Misira kan dutse? Da wane ido za ka dubi mutane a masallaci?"

"Ba ita kaɗai za ta je ba. Ni zan bi ta."

Ta dube ni daga sama har ƙasa, idonta ya tsaya a kan tumbina.

"Kai da kake hutawa a tsakiyar bene?"

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta matso kusa, ta rage murya.

"Ka san ba maganar mutane ce ta dame ni ba."

"Na sani."

"To in ka sani, don me za ka ɗauke ta ka kai ta inda ya fi saman benen nan tsawo?"

Ranar ce kaɗai muka kusa faɗin abin da bakinmu. Na ce mata in muka ci gaba da kulle ƙofofi, wata rana za mu manta da ɗaya, kuma ranar ba ma kusa. Gara ta je inda take so ina gefenta. Hajiya ta ce in wani abu ya sami 'yarta ba za ta yafe mini ba har abada. Na ce na ji. Ku lura da kyau, Ummi ba ta ce in bi ta ba. Da na gaya mata ma cewa ta yi ba sai na wahalar da kaina ba. Ni na yanke, ni kaɗai.

Labari ya bazu a Darrasa kamar yadda Hajiya ta faɗa. Abokina Malam Sani mai kantin littattafai ya ja ni gefe ya tambaye ni ko lafiya, da furfurata da rawanina zan shiga cikin yara masu gajeren wando. Na ce masa lafiya lau. Na shiga kasuwa na sayo takalmi mai kaurin ƙasa irin wanda Shaima ta kwatanta, na kuma fara hawa benenmu ina saukowa bayan sallar asuba, har bawwab ya fara tambayar Hajiya ko na yi ɓatan wani abu ne.

Mota ta kai mu Dahab, daga can ƙaramin jirgin ruwa ya bi da mu gefen gaɓa zuwa arewa, cikin wani yanki da gwamnati ta killace. Ba a gini, ba a farauta, ko dutse ba a yarda ka ɗauka ka tafi da shi ba. Babu kowa sai Larabawan daji da raƙumansu da bukkokinsu na ganyen dabino. Ni da na shekara da shekaru a Misira ban san akwai irin wannan wuri a cikinta ba. Ruwa shuɗi tas, kana ganin kifi daga cikin jirgi, ga duwatsu jajaye da baƙaƙe sun taso tun daga bakin ruwan sun yi sama, babu ko tsiron ciyawa. Jagoranmu wani dattijo ne sa'ana, siriri kamar kara, ana kiran sa Ammu Salim. Ya dube ni ya tambaye ni ko na taɓa hawan dutse. Na ce na taɓa hawa Dala ina yaro. Ya ce bai san Dala ba, amma in na gaji in faɗa, babu kunya a dutse.

Da gari ya waye muka kama hanya. Farko kwari ne mai yashi, duwatsu sun yi masa katanga dama da hagu, sanyin safiya na kaɗawa, har na fara cewa a raina ashe abin ba wani abu ba ne. Sai kwarin ya tsuke, yashi ya ƙare, aka fara hawa. Wani wurin tsakuwa ce mai zamewa, ka taka gaba ta dawo da kai baya. Wani wurin manyan duwatsu ne sai ka sa hannu biyu ka ja jikinka, wani saurayi ya miƙo hannu daga sama, Ammu Salim ya turo daga ƙasa. Rana ta ɗaga. Zufa ta jiƙa mini riga, maƙogwarona ya bushe, ina jin bugun zuciyata a cikin kunnuwana. Matasan suna ta raha, suna yalla ya Hajj, wato mu je Alhaji, saura kaɗan. Kaɗan ɗin nan ba ya ƙarewa. Duk inda na ɗaga kai na ce ga ƙarshe, in mun isa sai wani tudun ya bayyana a bayansa.

Amma ba dutsen nake kallo ba, bayan Ummi nake kallo. Tana gabana da doguwar rigarta da mayafi ɗaure tam, ba ta magana da kowa, ba ta waiwaye, tana hawa kamar mai bin wani da ya yi mata nisa. Yarinyar da ta yi watanni ba ta gama kwanon abinci, ban san inda ta samo ƙarfin ba. In ta sha kwana ta ɓace mini sai gabana ya faɗi, in ƙara sauri.

Kusa da ƙololuwa akwai wata 'yar siririyar hanya da ta bi ta jikin dutsen, faɗinta bai wuce na tabarmar sallah ba. Hagu bango, dama kuwa babu komai sai iska, can ƙasa teku. Ammu Salim ya ce kowa ya dafa bango, kada a dubi ƙasa. Ya wuce gaba da matasan, ɗaya bayan ɗaya suka sha kwana. Da na iso na tarar Ummi ta tsaya a tsakiyar hanyar, inda ta ɗan buɗe. Ta saki bangon. Ta juya ta fuskanci ramin, iska na kaɗa mata mayafi.

Na sha ganin abin tsoro a rayuwata, na rufe idon mamata da hannuna, amma ban taɓa jin abin da na ji a wannan tsayuwar ba. Na kasa kiran ta, ina tsoron muryata ta firgita ta. Na lallaɓa da bayana manne da dutse har na zo gefenta, na kama bakin rigarta na riƙe, kamar yadda take riƙe tawa a kasuwa tana ƙarama. Ba ta juyo ba.

"Abba, na san abin da ya sa ka biyo ni."

Na ƙara damƙe bakin rigar.

"Na san abin da ya sa Umma ta sa kwaɗo. Ba zan yi ba, Abba. Wallahi ba zan yi ba, ina tsoron Allah."

"To me kika zo nema, Ummi?"

"Wurin da zan yi kuka babu wanda zai ce mini in yi haƙuri."

Ta ce tun ranar da aka shigo da gawar Mustafa, ta buɗe baki za ta yi ihu wata tsohuwa ta toshe mata baki da tafin hannu, ta ce kul, kada ki ƙona shi da hawaye. Daga ranar duk sanda kukan ya taso sai wani ya riga shi da haƙuri. A Zariya haka, a Darrasa haka, bango a manne da bango, in ta yi tari maƙwabta sun ji. Ta ce ta yarda da ƙaddara, ba ta taɓa jayayya da Ubangijinta ba, amma abin yana nan a ƙirjinta kamar ta haɗiyi dutse.

Na ja ta muka zauna, bayanmu jingine da bango. Na ce mata, "Ga wurin nan. Babu kowa sai ni."

Sai ta fara. Ban san mutum yana iya irin wannan kukan ba. Ba hawaye ba ne kawai, wata ƙara ce daga can cikin ciki, tana bugun duwatsu tana dawowa. Ta kira sunan Mustafa. Ta kira ɗan da ba ta gani ba, ashe har suna sun zaɓa masa. Ta faɗi rigar da ya sa ranar da zai fita, da ɗumamen da ya bari bai gama ci ba ya ce zai dawo ya ƙarasa. Ni kuwa kalmar nan ta zo mini har bakin leɓe. Shekara da shekaru ita ce abin da nake da shi, ita nake ba kowa. Na cije ta. Ta sake tasowa na sake cije ta, har na ji gishirin jini a bakina. Na riƙe hannunta kawai. Da abin ya yi nisa na ji nawa hawayen suna sauka cikin gemu, ban share ba.

Can na hango Ammu Salim ya leƙo daga kwanar. Ya tsaya, ya gan mu, ya juya. Na ji yana gaya wa matasan su ci gaba zuwa sama, shi kuma ya zauna a bakin kwanar ya ba mu baya. Bai taɓa tambayata komai ba, har muka rabu.

Ban san iya lokacin da muka ɗauka ba. Da kukan ya lafa ta jingina kanta a kafaɗata tana ajiyar zuciya. Sai a lokacin na dubi abin da ke gabanmu. Teku shimfiɗe har iya gani, wani wuri kore wani wuri shuɗi, can ƙetare duwatsun ƙasar Saudiyya sun yi dishi-dishi. Na ce mata ƙololuwar ga ta nan kusa, ko za mu ƙarasa.

"Khalas, Abba. Nan ya ishe ni." Ta goge fuska da bakin mayafi. "Akwai sauran dabino a jakarka? Yunwa nake ji."

Ta cinye dabinon tas, ta haɗa da gurasar da Hajiya ta ƙunsa mini. Ina kallon ta tana ci ina hamdala a zuci. Ba mu taɓa taka saman dutsen nan ba, daga ni har ita.

A saukowa abin ya faru. Mun wuce siririyar hanyar lafiya, mun wuce manyan duwatsun, mun shiga gangaren tsakuwa. Ƙafafuna sun riga sun mutu da gajiya. Na taka wani dutse da na zaci a kafe yake, ya mirgina, ƙafar dama ta shige tsakanin wasu biyu ta maƙale, jikina kuma ya ci gaba da tafiya. Na ji ƙarar da kunnena kafin in ji zafin. Da na buɗe ido ina kwance, sama tana juyawa, gwiwata ta kalli inda bai kamata ta kalla ba. Matasan suka taru a kaina suna salati, wani ya kama ni zai ɗaga.

"Kada wanda ya taɓa shi!"

Muryar Ummi ce, da Larabcinta na 'yan Giza, irin muryar da ake ji tun daga ƙasan bene. Ta ture su ta durƙusa. Ta tsaga ƙafar wandona, ta taɓa nan ta taɓa can, ta ce in motsa yatsu. Ta sa Shaima ta riƙe mini kai. Ta karɓi sandar Ammu Salim ta ce a karya ta biyu, ta warware rawanina ta ɗaure ƙafar tsakanin sandunan tun daga cinya har idon sawu. Ta aiki dattijon ya sauka ya nemo raƙumi, ta tsara samarin a gefen bargo, wane nan, wane can, in na ce ɗaga ku ɗaga tare. Na so in yi mata wasa don ta kwantar da hankali, na ce ashe dai Dala ta fi sauƙi.

"Abba, yi mini shiru, ka riƙe numfashinka. Yalla, ɗaga!"

Haka suka sauko da ni cikin bargo, a huta a ɗauka, tana gefena tana taɓa tafin ƙafar ko ya yi sanyi, tana ba ni ruwa kaɗan-kaɗan a murfin gora. Zafin ya kai inda nake ganin wuta-wuta. Amma ku yarda da ni, duk sanda na buɗe ido na ga fuskarta a tamke tana ba da umarni, sai in ji wani sanyi a raina. A bakin kwarin raƙumi yana jira, daga raƙumi sai jirgin ruwa, daga nan sai asibiti.

A Alƙahira aka yi mini aiki. Likitan na san shi, na sha kai masa marasa lafiya. Bayan an kwance ɗaurin ya shigo ya zauna a bakin gadona, ya cire tabarau. Tun kafin ya buɗe baki na gane. Ya ce ƙoƙon gwiwar ya farfashe, jijiyoyi sun tsinke, sun haɗa abin da zai haɗu. Zan yi tafiya da sanda, amma ƙafar ba za ta ƙara lanƙwasuwa ba. Ya ce ma'alish ya Hajj, wato a yi haƙuri. Na waiwaya gefena, inda na saba tsayawa, babu kowa a wurin.

Ba zan ɓoye muku abin da na rasa ba, don kada ku zaci ina sauƙaƙa labarin ne. Sana'ata ta tafi, don babu mai ɗaukar tafintan da shi ma sai an tura shi. Na miƙa mutanena ga wasu ɗalibai, na koma koyar da yara karatu a gida. Shaggarmu ta Darrasa, inda aka haifi yawancinku, dole muka bar ta muka koma wani gidan ƙasa a Giza, nesa da masallacin da na saba da abokan da na tsufa da su. Wanda ya fi duka ciwo shi ne sujada. Ranar da na fara zuwa masallaci aka jawo mini kujera a ƙarshen sahu, liman ya yi kabbara kowa ya kai goshi ƙasa, ni na rage a zaune ina kallon bayan mutane. Har yau goshina bai ƙara taɓa ƙasa ba, kuma har yau ban saba ba. Duk da haka, da za a mayar da ni safiyar da Ummi ta zauna a gefen tabarma, a nuna mini kujerar nan da sandar nan, da na sake sayen takalmin.

Mahaifiyarku kuwa fushi ta yi, fushi mai tsanani. Tana dafa mini abinci, tana wanke mini kaya, amma magana sai ta dole. Ummi ce ke jinyata, ita ke shafa mini man zafi safe da yamma, tana tilasta mini motsa ƙafar ina ihu tana ƙara dannawa. A tsakanin nan ta fara cin abinci sosai, ta fara faɗa da mai kawo gas, ta fara kuka a fili in Mustafa ya faɗo mata, ta gama ta wanke fuska ta ci gaba da aikinta. Wata rana Shaima ta zo da labarin ana neman ma'aikatan jinya a wani asibiti. Ummi ta je, aka ɗauke ta.

Safiyar da za ta fara aiki ta makara. Ta fito a guje da takalmi ɗaya a hannu, tana Umma ina katina, Umma kin ga wayata, ta sumbaci kaina ta fice ta bar ƙofa a buɗe. Hajiya ta tsaya a taga tana kallon ta har ta tare mikrobas ta shige. Motar ta tafi, ita tana nan tsaye. Sannan ta juyo, ba tare da ta dube ni ba.

"Malam, me ya faru a kan dutsen nan?"

Na ba ta labarin duka, da siririyar hanyar, da tsohuwar da ta toshe mata baki, da ɗumamen Mustafa. Ta zauna a ƙasa tana saurare, hawaye na bin fuskarta.

"Ni ce na fi kowa ce mata ta yi haƙuri," in ji ta.

"Ni ne na biyu. Abin da aka koya mana ke nan, Hajiya. Kuma gaskiya ne. Lokacinsa ne muka riga."

Ta share fuska da gefen zane. Ta tashi ta ɗauko kwalbar man zafin daga inda Ummi take ajiye ta, ta dawo ta zauna a gabana, ta ɗaga ƙafar a hankali ta ɗora a kan cinyarta.

"Na sallami 'yarka, ta je ta yi jinyar wasu. Wannan ƙafar ni zan riƙe ta."

Hannunta ya fi na Ummi taushi, ba ta dannawa in na yi ƙara. Ita ta riƙe ta, safe da yamma, a Giza da bayan mun dawo gida, har makon da Allah ya karɓi ranta.